Takin Irmiya a Gonar Bakin Hanya

A Unguwar Kanya, wani ƙauye a ƙasar Tsanyawa, akwai 'yar majami'a mai rufin kwano. Gidajen Kirista kaɗan ne ke sujada a cikinta. Sauran mutanen gari Musulmi ne, kuma in aka bi salsala dukansu dangin juna ne. A cikin majami'ar kowa a benci yake zama, sai kujera guda mai hannu da majingini da ke gefen mumbari. Ita ce kujerar dattijon ikkilisiya. Tun da Baba Dogara ya rasu da kaka ba wanda ya zauna a kanta, kuma tun ranar da aka binne shi idon Irmiya yake kanta.

Irmiya manomi ne na gaske, wannan ba mai musu. Ba ya sha, ba ya zagi, ba ya fashin sujada. Ciwonsa ɗaya ne: yana son a gan shi. In zai kawo damin gero ranar godiyar kaka, sai ya laɓe a waje har a fara waƙa, sannan ya shigo ta tsakiya yana nishi, ya dire damin da ƙarfi yadda na bencin baya ma za su ji. Ko tari zai yi cikin sujada, tarin manya yake yi. Irin wannan hali ba ya kai mutum gaban alƙali, amma ciwo ne, kuma kowa a gari yana riga mai shi ganewa.

Ana cikin bazara, zafi ya tsananta, Fasto Habila ya sanar cewa Lahadi ta sama za a zaɓi sabon dattijo. Mutum biyu aka ambata: Irmiya, da Sila mai sayar da man gyaɗa, wani mutum marar hayaniya wanda in ya yi magana sai ka matsa kusa. Sannan Fasto ya yi wa'azi a kan yadda Almasihu ya sunkuya ya wanke ƙafafun almajiransa.

"Kada ku duba girman rumbu," in ji Fasto. "Dattijo bawa ne. Kujerar nan ba ta hutu ba ce. Ku duba wanda ya iya sunkuyawa, shi za ku ɗaga wa hannu."

Irmiya ya koma gida yana lissafi. Rumbu yana da shi, murya yana da ita, babbar riga ma yana da ita har biyu. Sunkuyawa ce kawai bai tanada ba. Ya tarar da matarsa Afiniki tana tuƙa tuwo.

"Afiniki, kin ji wa'azin yau?"

"Na ji, Baban Alheri. Na ga ma kana ta gyaɗa kai kamar da wani ake."

"Daga yau zan fara tawali'u."

"Daga yau? To bari in sauke tukunya in zo in kalla."

"Ba wasa nake ba. Zan yi tawali'un da ba a taɓa ganin irinsa a garin nan ba. Sila ma sai ya raina kansa."

Afiniki ta ajiye muciya ta dube shi. "To ga tulu can, randa ta kusa ƙafewa. Rijiya ba nisa."

"Wannan ai aikin cikin gida ne. Wa zai... ina nufin, ba irinsa Fasto yake nufi ba."

"To je ka gaida Malam Zaharaddini."

"Tawali'u na ce miki, ban ce hauka ba."

Malam Zaharaddini maƙwabcinsa ne a gida, maƙwabcinsa ne kuma a gona. A kan iyakar gonakinsu akwai wata tsohuwar ɗorawa. Iyayensu sun yi zamaninsu suna raba 'ya'yanta ba wanda ya ji kansu. Da gado ya zo hannun 'ya'ya, sai Irmiya ya ce gindin a gonarsa yake, Zaharaddini ya ce rassan a tasa suke. Shekaru ke nan gaisuwarsu ba ta wuce "sannu" da "yauwa", ita ma kowa yana kallon wani gefe. Manya biyu masu furfura, a kan kalwar daddawa. Abin kunya ne, amma haka aka yi.

Kwanakin farko Irmiya ya gwada ƙananan abubuwa. Ya ɗauki tsintsiya ya share gaban majami'a, gefen da ke kallon hanya, ya bar bayan da sharar take. Ya rage murya yana gaida mutane a hankali, har wasu suka tambayi Afiniki ko mura yake yi. Ya ga dai wannan ba za ta kai shi kujera ba. Ana bukatar abu babba, abin da gari zai ɗauka.

Sai ya tuna da jujinsa.

A ƙasarmu gona ba ta hutawa. Wannan ta jingina da waccan, layin gamba ne kawai tsakani, kuma kowace shekara sai an shuka ta. Wanda bai kai taki ba, kara zai girba. Saboda haka duk rani mutum yana tara kashin awaki da na tumaki da toka da sharar gida, in bazara ta yi a ɗora a mangala jaki ya kai gona. Mutum ya iya ba ka tuwo, ya ba ka aron garma, amma taki sai wanda ya isa. Jujin Irmiya kuwa ya yi suna. Tsayinsa ya kai ƙirjin mutum, baƙi wuluk, ya ruɓe ya yi laushi. In ya yi baƙo, bayan an sha ruwa, can yake kai shi ya gani.

Akwai kuma Gwaggo Marka, tsohuwa gwauruwa a ikkilisiya, wadda mijinta Jatau ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta mata duk suna aure a wasu garuruwa. Irmiya ya san gonar Jatau tun yana yaro: ita ce mai babban gawo, daidai bakin hanyar da ake bi a je kasuwar Tsanyawa. Gwauruwa, taki, bakin hanya. Irmiya ya haɗa ukun nan a ransa ya ji daɗi har ya yi murmushi shi kaɗai. Bai je ya gaida tsohuwar ba, bai tambaye ta ko tana so ba. Rabonsa da shiga gidanta tun zaman makokin mijinta. A ganinsa tambaya za ta ɓata asirin.

Ya jira ranar kasuwa. Da sassafe ya nemi tsohuwar rigarsa ta noma, ya duba ya ga ba ta yage yadda ya kamata ba, ya sa hannu ya ƙara mata a kafaɗa. Ya ɗaura wa jaki mangala, ya ɗauki shebur.

"Yau kake kai taki?" in ji Afiniki. "Ranar kasuwa?"

"Ba gonarmu zan kai ba."

"Gonar wa?"

"Wannan tsakanina ne da Ubangiji."

"Ubangiji dai ba ya noma. Gaya mini gonar wa."

"Mace da son jin magana! Za ki ji a gari."

Da ya gaya mata, da labarin nan ya ƙare a nan. Amma mai neman yabo ba ya shawara, don yana tsoron a rage masa.

Haka ya wuni yana jigila. Ya cika mangala, ya kora jaki, ya juye a gonar mai gawo, ya komo. Ƙa'ida ita ce a zuba taki tsibi-tsibi a bar shi sai ruwa ya kusa. Irmiya ya ga tsibi ba ya nuna yawan aiki, sai ya ɗauki manjagara ya dinga bazawa, har gonar ta yi baƙi daga iyaka zuwa iyaka. Masu tafiya kasuwa, da na ƙasa da na kan babur, kowa ya zo sai ya rage tafiya ya buɗe baki. Irmiya kuwa sai ya ƙara sunkuyawa, ya juya yagaggiyar kafaɗar wajen hanya.

Mudassir mai sayar da goro ya tsayar da kekensa. Shi ne mutumin da in ka gaya masa magana da hantsi, kafin azahar an ji ta a Bagwai.

"Malam Irmiya! Kai ne? A nan kake zuba taki? Ka dai san gonar nan..."

"Na sani, na sani," Irmiya ya katse shi, ya ɗora yatsa a leɓe. "Don Allah kada ka gaya wa kowa."

"Amma kai da..."

"Mudassir, aikin Allah ne. Ka rufa mini asiri."

"Ikon Allah!" in ji Mudassir. Ya hau keke ya taka da ƙarfin da bai taɓa takawa ba. Irmiya ya bi shi da kallo cikin gamsuwa. Da ma shi yake jira.

Kafin la'asar juji ya ƙare ƙarƙaf, har ƙasar da ke ƙarƙashi ya kankare. Jaki ya daina amsa tsawa. Irmiya ya dawo gida baƙi ƙirin, bayansa kamar zai ɓalle, amma zuciyarsa tana kan kujera mai hannu.

Washegari da hantsi aka yi sallama a ƙofar gida. Irmiya ya gyara fuska, ya fito yana shirin ce wa Gwaggo Marka ta daina kuka, ba komai ba ne. Sai ya ga mai unguwa, da liman, da Malam Zaharaddini a tsakiyarsu sanye da farar riga, bayansu kuma mutane sun fara taruwa.

Aka shimfiɗa tabarma, aka gaisa. Mai unguwa ya yi gyaran murya.

"Irmiya, mun zo godiya ne. Abin da ka yi jiya, ni dai tun da nake ban taɓa gani ba. Mutum ya kwashe takinsa kaf ya kai gonar wanda ba sa ga maciji da juna!"

"Ranka ya daɗe, gonar wa?"

Mai unguwa ya yi dariya ya dubi liman. "Ka ji shi! Har yanzu ɓoyewa yake. Gonar mai gawo mana. Ai a gabana aka yi musayar tun kaka. Gwaggo Marka ta ce gwiwoyinta ba sa kai ta bakin hanya, Malam Zaharaddini ya ba ta 'yar gonarsa ta bayan gidanta, ya karɓi waccan. Wa bai sani ba?"

Wanda bai sani ba yana zaune a gabansu, bakinsa a buɗe. Ya tuna mangala bayan mangala. Ya tuna manjagara.

Malam Zaharaddini ya sunkuyar da kai, muryarsa a sanyaye. "Malam Irmiya, ka kunyata ni. Ni ina riƙe da kai a zuci, ashe kai kana tara mini taki. Gonar nan ta gaji, ina ta tunanin yadda zan yi da ita, sai ga ta an ciyar da ita har ta ƙoshi. Maganar ɗorawa kuwa, na janye. Bana mu raba kamar yadda iyayenmu suka yi."

Ya miƙo hannu. Idon jama'a duk yana kan Irmiya. Ya karɓi hannun.

"Ba komai," ya ce da wata murya kamar ta wanda aka taka wa ƙafa. "Ai... maƙwabtaka ce."

Liman ya ɗaga hannu ya yi doguwar addu'a, ya roƙi Allah ya sa albarka a takin, ya sa gonar ta yi hatsin da ba ta taɓa yi ba. Kowa ya ce amin. Irmiya ma ya ce amin, don ba yadda zai yi.

Da suka tafi ya shiga gida, ya tarar da Afiniki a bayan danga, ta dafa turmi, hawaye na zuba, dariya ta hana ta numfashi.

"Gwaggo Marka ka yi nufi, ko? Wayyo cikina! Baban Alheri, ni na taya ta kwashe kayan gonar nan da kaka! Da ka buɗe baki ka tambaye ni!"

"Rufe mini baki. Zan je in kwashe abina."

"Da me? Ai da hannunka ka baza shi. Ko tsinta za ka yi ɗaya-ɗaya kamar kaza? Ga shi liman ya riga ya yi addu'a a kai, kai ma ka ce amin, ina ji."

Irmiya ya zauna a kan turmi ya riƙe kai. Can sai ya ɗago, idonsa ya fara haske. Shaiɗan ba ya barin mutum ya yi asara banza, sai ya nuna masa inda riba take.

"Tsaya. Taimakon gwauruwa kowa yana yi. Amma mutum ya yi wa abokin gabarsa hidima? Afiniki, wannan ya fi wancan! Kujerar nan ta zama tawa. Ba wanda ya san kuskure ne sai ke."

Afiniki ta share hawaye da bakin zane. Dariyar ta tafi.

"Ni ba zan faɗa wa kowa ba. Kai mijina ne. Amma ka san bencin zumuntar mata yana fuskantar kujerar nan sosai. Duk Lahadi zan zauna in dube ka. Shi ke nan abin da zan yi."

"Ki duba mana. Ido ai ba ya kisa."

"To."

Sauran kwanakin Irmiya ya sha yabo har ya ƙware. Musulmi da Kirista, kowa ya gan shi sai ya tsaya. Fasto Habila ya zo har gida ya riƙe hannunsa da hannu biyu ya ce ya koya masa abin da bai koya a makaranta ba. Sila ya tare shi a hanya ya ce shi kam zai ɗaga masa hannu da kansa. Abin da Irmiya ya yi shekaru yana nema ya samu, kwando-kwando. Sai dai tuwo ya daina yi masa daɗi. Kuma duk lokacin da ya ɗaga kai a tsakar gida, sai ya ga Afiniki tana dubansa, ba fushi, ba murmushi. Ta ce gwaji take yi kafin Lahadi.

Ran Lahadi majami'a ta cika har taga. Irmiya ya sa babbar riga, ya zauna a bencin gaba, tsakaninsa da kujera bai fi a miƙa hannu ba. Bayan waƙa da addu'a, Fasto ya ce kafin a ɗaga hannu, in akwai mai shaida a kan ɗaya daga cikin mutanen biyu, ya tashi.

Aka ji ƙarar sanda a siminti. Gwaggo Marka ce take miƙewa, a hankali, mata biyu suna tallafa mata.

"Ni zan yi magana a kan ɗan nan Irmiya," ta ce. "Da aka gaya mini abin da ya yi, kuka na yi. Gonar nan ta Jatau ce. Tun da ya tafi nake noma ta ni kaɗai, ban taɓa samun wanda ya zuba mini taki ko kwando guda ba, har ta tsufa kamar ni. Da na ba Malam Zaharaddini ita, kunya nake ji, don na san gajiyayya na ba shi. Yau ga ta ta ci ta ƙoshi. Ni 'yar tawa ta bayan gida ko ba ta sami komai ba, ba damuwa, bakina ɗaya ne. Amma ɗan nan ya cire mini kunya. Allah ya yi masa albarka."

Majami'a ta ɗauki amin. Tsohuwar ba gugar zana take yi ba, har zuciyarta take faɗa, kuma wannan ne ya sa maganar ta shige Irmiya. Shekara da shekaru jakinsa yana wucewa ta gefen gonar nan da mangala cike, yana ganin tsohuwa sunkuye da fartanya, bai taɓa juye mata ko gefe ɗaya ba. Sai da aka sa kujera a gaba. Ya waiga bencin mata. Afiniki tana dubansa.

Fasto ya ce, "To, masu son Irmiya..."

"Baba Fasto, a dakata."

Irmiya ya miƙe. Wannan karon bai yi tarin manya ba.

"Jama'a, takin nan ɓatan kai ya yi. Ban san an yi musaya ba. Gwaggo na yi nufin kai wa."

Wata mata ta ce, "To ai wannan ma alheri ne."

"Ba alheri ba ne, bari in ƙarasa. Ba don Gwaggo na zaɓi gonar ba, don tana bakin hanya ne. Ranar kasuwa ma da gangan na jira. Mudassir kuwa, da bai biyo ba da na aika a kira shi. Da na san ta Malam Zaharaddini ce, ko kashin akuya ɗaya ba zai gani ba. Har na yi niyyar zuwa in kwashe." Ya nuna kafaɗarsa. "Rigar ma ni na ƙara yaga ta."

Wani a baya ya kasa riƙewa ya tuntsire. Shi ke nan majami'a ta ɓarke da dariya, har mai kiɗan ganga ya kifa kai a kan gangarsa. Fasto ya rufe baki da hannu, kafaɗunsa suna rawa. Irmiya yana tsaye cikin babbar riga, gumi yana bin wuyansa, bai zauna ba sai da suka gama.

Gwaggo Marka ba ta yi dariya ba. Ta nuna shi da sanda.

"Kai ɗan nan. Da ka shigo ka gaishe ni ko sau ɗaya, ai da ka sani."

"Haka ne, Gwaggo."

Fasto ya share ido ya ce a ci gaba da abin da ya tara su. Masu son Sila su ɗaga hannu. Hannuwa suka tashi ko'ina. Irmiya ma ya ɗaga nasa, ko da yake bai wuce kunnensa ba. Masu son Irmiya kuma? Hannu ɗaya ne ya tashi, daga bencin zumuntar mata, a miƙe sosai. Aka sake dariya, amma Afiniki ba ta sauke ba sai da Fasto ya ce ya gani.

Aka kai Sila kujera. Ya zauna a bakin-bakinta kamar mai tsoron za ta cije shi.

A hanyar gida Irmiya ya ce, "Me ya sa kika ɗaga? Kin ƙara mini kunya."

"Jiya da ba zan ɗaga ba," in ji ta. "Yi sauri, na bar wake a wuta."

Kujera dai ta tafi, kuma daidai ne da ta tafi. Faɗin gaskiya sau ɗaya ba ya mai da mutum dattijo. Wanda ya tona kansa yau ya fara ne kawai, saura aikin.

Ran Litinin Irmiya ya yi sallama a gidan Gwaggo Marka, ya durƙusa ya gaishe ta yadda ya kamata, ya ce ta nuna masa gonar. Ta kai shi bayan gida. 'Yar ƙarama ce, dangar kara ta kewaye ta ko'ina, ƙasarta fara fat. Ba hanya kusa, ko ta akuya.

"Tana son taki," ya ce.

"Kai kuwa ka ba da naka."

"Ko na gonata babu."

"Malam Zaharaddini yana da juji guda bai taɓa ba," in ji tsohuwar. "Wanda ya tara don gonar mai gawo. Yanzu ai ba ta bukata."

Irmiya ya tsaya yana kallon dangar. Da ta ce ya ɗauki rumbu a ka, da ya fi masa sauƙi. Amma ya tafi.

Ya sami Zaharaddini a zaure yana gyaran ƙotar fartanya. Labarin majami'a ya riga ya iso, don Mudassir yana da abokai a kowane addini.

"A'a, Malam Irmiya mai taki! Shigo. Ko wani jujin ka samo mini?"

"Roƙo na zo yi. Ka ba ni taki in kai wa Gwaggo Marka. Kuma ka ji abin da na faɗa jiya. Ba don kai na yi ba."

"Ai na sani."

"Tun jiya?"

"Tun ranar kasuwa. Ina tsaye a gindin ɗorawa ina kallonka tun mangalar farko. Yau na san ka? Na ce wannan bawan Allah bai san an yi musaya ba."

"Ka gani, ka yi shiru?"

"In na yi magana ai dainawa za ka yi. Na ma so in kawo maka ruwa, na ga kana ƙoƙari, sai na ji tsoro kada ka gane."

"To liman da mai unguwa fa?"

"Don kada ka dawo da manjagara."

Irmiya ya buɗe baki zai yi irin maganar da ya saba. Ya rufe. Sai ya ji dariya tana taso masa daga ciki, ya yi ƙoƙarin danne ta, ta ƙi. Suka yi ta yi su biyu a zaure, har matan gidan suka leƙo su ga ko lafiya.

"Maganar ɗorawa fa?" in ji Irmiya. "Ita ma dabara ce?"

"A'a, ita da gaske nake. Na gaji da gaba, kuma daddawar gidanku ta fi tamu daɗi, a riƙa aiko mana. Jeka ka kwashi juji. Ka ciyar da gonar Gwaggo, abin da ya ragu ka kai taka, kada Afiniki ta kwana da yunwa saboda wautarka. Amma ni ba zan taya ka ɗora ko mangala ɗaya ba. Ina da baƙi."

Ba shi da baƙi. Irmiya ya san haka, ya ce ya gode.

Hanyar da ta tashi daga jujin Zaharaddini zuwa bayan gidan Gwaggo Marka wani lungu ne tsakanin danga da danga, jaki da mangala da ƙyar suke wucewa. Irmiya ya wuni yana bin sa. Tsohuwar ta sa aka fito mata da kujerar tsugunno ta zauna a inuwa da sandarta.

"Ba nan ba, can. Kai, tsibi za ka yi, wa ya ce ka baza? Haka aka koya maka? Matsa gefen danga. Wannan ya yi yawa, rage."

"To, Gwaggo."

Sau ɗaya, da ya juye mangala ya miƙe yana dafe da ƙugu, wuyansa ya juya da kansa yana neman hanya, ko akwai mai wucewa. Tsohon hali ba ya fita rana ɗaya. Danga ya gani, da wata akuya da ta zuro kai ta ɓula tana tuƙa.

"Me kake nema?" in ji Gwaggo Marka.

"Ba komai."

"To in ka gama, randata ba ruwa."

Irmiya ya ɗaure jaki a gindin danga, ya shiga ya ɗauko tulu.